Hanyar Mai a Cikin Tsohuwar Bashe

Ku dubi tashar kasuwar ƙauye ranar da take ci. Motocin da za ku iske can ba sababbi ba ne. Bashe ce, wadda waɗansu ke ce ma a-kori-kura: Peugeot 404, Peugeot 504, da tsofaffin Toyota Hilux. Su ke kwaso albasa daga gonakin Galmi da Madawa zuwa bakin kwalta. Su ke ɗauko aya da wake daga ƙauyukan Agye da Tasawa. Su ke kai raguna kasuwa, su komo da gishiri da sukari. In haihuwa ta zo ma mace da gardama cikin dare, ƙofar mai bashe ake bugawa.

Motocin nan sun ga shekaru. An fara ƙera 404 a Faransa a 1960. Ita 504 ta fito a 1968, shekara ɗaya da Hilux ta ƙasar Japan. Tun 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa kayan gyaranta suka yawaita a ƙasar Hausa. Da yawa daga cikin motocin sun girmi direbobinsu. Injinsu yana da haƙuri. Abin da ya fi tsayar da su cikin daji shi ne hanyar mai. Kuma tsayuwar bashe ba hasarar mai ita kaɗai ba ce. Tumatir yana ruɓewa, bisashe suna galabaita cikin rana, marar lafiya yana jira.

Ƙaƙa mai ke tafiya?

Esansi yana kwance cikin tanki, can baya ƙarƙashin mota. Tiyo yana ɗauko shi zuwa gaba. A hanya yana ratsa filtir, wato matacin da ke riƙe datti. Pompo ne ke jawo shi, ya tura shi sama zuwa karbiratar, wadda a Najeriya ake ce ma kafireta. Aikin karbiratar kamar na mai dama fura ne. Mai dama fura tana gwada nono da ruwa, kada ta yi kauri, kada ta tsinke. Ita karbiratar esansi da iska take damawa. Kowane kilo 1 na esansi yana bukatar iska wajen kilo 15. In an auna da litir, litir 1 na esansi yana cin iska kusan litir 9000. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Ke nan wurare biyar ne: tanki, tiyo, filtir, pompo, karbiratar. In mota ta mutu, ɗaya daga cikinsu ake nema. Kuskuren direbobi da yawa shi ne su faɗa ma karbiratar nan take, su warware ta bisa rairayi. Ita ce ta fi wuyar sha'ani, kuma sau da yawa ba ta da laifi.

Ga yadda makaniki mai hankali ke yi. Da farko ya zura sanda mai tsabta cikin tanki, ko ya girgiza mota ya saurara, domin allurar da ke nuna mai a tsohuwar mota ba abin yarda ba ce. In akwai mai, ya cire ƙaramar wayar da ke kai wuta ga kwal, don kada tartsatsi ya tashi. Sannan ya zare tiyon da ke shiga karbiratar, ya sa bakinsa cikin kwalba. Yaron mota ya murɗa kile na ɗan lokaci. In mai ya fito da ƙarfi, tsut tsut tsut, to tanki da filtir da pompo lafiya lau suke. Sai a dubi karbiratar ko wuta. In bai fito ba, ko yana ɗiga kamar hawaye, sai a koma baya, gaɓa bayan gaɓa, har a iske inda ya tsaya.

Tanki

Akwai wata cuta da ke ruɗa mutane. Mota ta yi tafiyar kilomet 10 ko 20 lafiya, sai ta shaƙe ta mutu. A huta kaɗan, ta tashi, ta koma mutuwa gaba. In haka ta faru, ku buɗe murfin tanki ku kasa kunne. In kun ji ya ja iska, fuuu, to ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ce ta toshe. Mai ba ya fita in iska ba ta shiga ta maye gurbinsa. Wanda ya taɓa tsiyaye bido da baki ɗaya ya san haka. A tsabtace kafar. Kuma in murfi ya ɓace, kada a toshe bakin tanki da leda da roba, kada kuma a cusa tsumma. Leda tana hana iska, tsumma yana zubar da zare da ƙura ciki. A nemi murfi.

Babban abokin gaban tanki shi ne ruwa. Ruwa ya fi esansi nauyi, saboda haka can ƙasa yake kwantawa, daidai inda tiyo ke tsotsa. Shi ke kawo tsatsa, tsatsa kuma ita ke toshe kome. Ina ruwan ke fitowa? Wani daga raɓa ne: tankin da ya kwana rabi babu mai yana yin gumi a ciki in dare ya yi sanyi. Wani kuma daga wurin saye ne.

Tun 2011 matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram take tace man ƙasarmu. A 2023 kuma Najeriya ta janye tallafin mai, ya yi tsada can, man da ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi ya ragu. Amma sayar da mai a kwalba da bido bai ƙare ba, domin ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai. Ba kowane mai sayarwa ne macuci ba. Sai dai tano da ya sha ruwan damina a waje, ko bidon da aka ɗebi ruwan rijiya da shi jiya, ba ya tambayar halin mai shi. Ga gwaji mai sauƙi. Ku zuba kaɗan cikin farar kwalba, ku aje ta minti 2 ko 3. In akwai ruwa, za ku gan shi ya taru a gindi, ya ware. Ku riƙa shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle mai ƙaramin ido cikin mazurari. Kuma ku bar ɗan guntun da ke gindin bido. Hasarar rabin kofi ta fi kwana cikin daji sauƙi.

In tsatsa ta riga ta kama, sai a sauke tanki. A tsiyaye shi sarai. A zuba tsakuwa mai tsabta cike da hannu biyu, da ɗan gazuwal, mutum biyu su yi ta girgizawa. A zubar, a koma, har abin da ke fita ya yi haske. A tabbata tsakuwa duka ta fita. Sannan a ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙayau.

Yanzu maganar walda. Ku saurara da kyau. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari. Ba ruwan esansi ne ke fashewa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Tankin da aka tsiyaye tun mako guda yana iya fashewa da tartsatsi ɗaya. Mai walda da ya san aikinsa yana wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, ya bar murfi a buɗe, ya cika shi da ruwa har kusa da wurin da zai taɓa. Wanda ya ce muku ba sai an yi haka ba, ku ɗauki tankinku ku tafi wurin wani. In huji ƙarami ne, ba a ma bukatar wuta. A hanya, sabulun wanki mai tauri da aka murza bisa hujin yana riƙewa na ɗan lokaci, domin esansi ba ya narkar da sabulu. In an isa gari, a kankare wurin ya yi fes, a shafa gam ɗin nan mai kwali biyu da ake haɗawa.

Tiyo da filtir

Kowane tiyo ba na mai ba ne. Farin tiyon ban ruwa na garka yana da arha, kuma ana ganin mai cikinsa, shi ya sa ake son shi. Amma esansi da zafi suna busar da shi, ya yi tauri, ya tsage ko ya zame. Baƙin tiyo mai zare a cikin namansa shi ne na mai. Ku auna faɗin kafarsa. A motocin nan galibi milimet 6 ne ko 8. Kowane baki a ɗaure shi da kolye mai kusa. Robar taya ba ta ɗaure tiyon mai, domin esansi yana kumbura ta, ta saki. Waya kuma tana yanka tiyo sannu sannu.

Tsagewar da ke tsakanin tanki da pompo ita ce mai ɓoyewa. Wani lokaci ba ta ɗiga ko kaɗan. Pompo ne ke tsotsar iska ta wurin maimakon mai, kamar mai shan ruwa da karan da ya fashe. Ku bi tiyon da hannu, ku lanƙwasa shi, ku duba musamman inda yake gugar ƙarfe. Kuma kada ya kusanci bututun hayaƙi.

Filtir ɗin esansi ƙaramin abu ne, shi ya fi kome arha cikin hanyar mai. A jikinsa akwai kibiya. Kibiyar tana nuna inda mai ya nufa, wato wajen inji. A sa shi kafin pompo. In tanki tsoho ne, babu laifi a ƙara na biyu kusa da karbiratar. In ya toshe a hanya, ana iya busa shi ta baya a ƙarasa gari. Amma mai huda shi da ƙusa don mai ya wuce, ya buɗe ma datti ƙofa ne. Direban da ke bin hanyoyin Dakwaro ko Tanut ya kamata ya aje biyu cikin akwati.

Pompo

Pompon tsohuwar mota inji ne ke motsa shi. A cikinsa akwai wata fata ta roba mai zare, da ƙananan ƙofofi biyu. Fata ta sauka, mai ya shigo ta ƙofa ɗaya. Fata ta hau, mai ya fita ta ɗayar. Kamar zugazugin maƙeri ne.

In pompo ya gaji, mota tana tashi, tana tafiya bisa kwalta ba laifi. Sai an hau tudu da kaya, ko an shiga rairayi, ta fara shaƙewa. Lokacin nan ne inji ke neman mai da yawa, pompo ya kasa. Toshewar filtir ma haka take nunawa, don haka a fara da filtir.

Ga abin da ya fi muni, kuma mutane kaɗan ke lura da shi. In fatar ta yage, esansi yana iya zuba ƙasa cikin baƙin man inji. Direba ya zaro sandar awo, ya ga mai ya ƙaru, ya yi murna. Man inji ba ya ƙaruwa da kansa. Ku sansana shi, ku murza tsakanin yatsu. In yana warin esansi, ya tsinke kamar ruwa, ku tsaya. Man da ya tsinke ba ya kare ƙarfe. A gyara pompo, a juye man inji duka a zuba sabo. Wanda ya ji tsadar litir 4 na baƙin mai, zai biya kuɗin sauke inji.

Pompo iri biyu ne. Na da yana da kusoshi kewaye, ana buɗe shi a sauya fata da ƙofofi. Na baya an manne shi, sai dai a sauya shi ɗungum. In kuna da mai kusoshi, ku riƙe shi da kyau. Kafin a buɗe, a karce alama a jikin sama da ƙasa, don a maida su yadda suke. Kada a yanko fata daga robar taya, kwananta kaɗan ne. Kuma a wasu motoci akwai wani faifai mai kauri tsakanin pompo da jikin inji. Ba ado ba ne. Yana tare zafi, yana kuma daidaita nisan motsin pompo. In an jefar da shi, ko pompo ya yi ƙarfi fiye da kima, ko ya karye.

A watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarƙashin kapo kuwa sai wanda ya taɓa. Esansi yana tafasa cikin tiyo ya zama tururi, pompo kuwa ba ya iya tura tururi. Alamarsa: an tsaya sauke fasinja, an kashe mota minti 10, ta ƙi tashi. Tsofaffin direbobi suna jiƙa tsumma su ɗora bisa pompo, su buɗe kapo iska ta shiga. Dabara ce mai kyau. Maganin dindindin shi ne a nisanta tiyo daga wurin zafi, a sa guntun kwano tsakaninsa da bututun hayaƙi. Waɗansu motoci suna da tiyo na uku mai maida rarar mai cikin tanki. Shi ke sa mai ya riƙa kewayawa yana sanyi. Kada a toshe shi wai don a tsimi mai. Man da ya koma tanki bai ɓace ba.

In za a sa pompon wuta

In pompo na asali ya yi wuyar samu, ana sa na lantarki. Yana aiki sosai in an bi ƙa'ida. Amma nan ne ake yawan yin ɓarna.

Pompon lantarki ma iri biyu ne. Akwai na motar karbiratar, mai tura mai a hankali, ƙarfinsa wajen bar 0,2 zuwa 0,3. Akwai na motocin zamani masu fesa mai, ƙarfinsa wajen bar 3. Ya ninka na farko sau 10. In an sa ma karbiratar irin wannan, yana fin ƙarfin allurarta, mai ya yi ambaliya bisa inji mai zafi. A kasuwar tsofaffin kaya sun yi kama da juna. Ku tambaya, ku karanta abin da aka rubuta a jikinsa.

A ɗaure shi kusa da tanki, ƙasa ƙasa, domin ya fi iya turawa bisa ga jawowa. A sa filtir kafin shi. Wayarsa ta bi ta kontak, da fizibil a tsakani. Kada a ja ta kai tsaye daga batir. Mafi kyau ma, mai aikin wuta ya haɗa shi yadda in inji ya mutu shi ma zai tsaya. Domi? Ku ɗauka mota ta faɗi, tiyo ya tsinke, direba ya suma. Pompo na asali yana tsayawa tare da inji. Na lantarki kuwa zai ci gaba da zuba mai har tanki ya ƙare.

Abu na ƙarshe: kada mai ya ci gaba da ratsa tsohon pompo. In fatarsa yagaggiya ce, sabon zai cika inji da esansi. A kewaye shi da tiyo. In an cire shi, a rufe gurbinsa da farantin ƙarfe da takardar liƙi.

Bido bisa rufi

Kowa ya taɓa ganin bashe da bido ɗaure bisa rufi, tiyo ya sauko zuwa inji. Gaskiya yana aiki, domin mai yana gangarowa da nauyinsa. Ya fitar da mutane da yawa daga daji. Amma dabarar isa gareji ce. Abin baƙin ciki, akwai masu yin wata da watanni a haka. Bido ba ya da mai tsayar da shi. In tiyo ya zame, mai zai yi ta zuba ko an kashe mota. Ga mutum 20 a baya, da mata da goyo, ga wani da taba a baki. Tururin esansi ya fi iska nauyi, yana kwanciya cikin akwatin mota tsakanin ƙafafun mutane. Fasinja yana da ikon ya yi magana. In dole ta sa, a ɗaure bido da tiyo tamau, a hana taba, a tafi sannu, a tsaya gari na farko.

Karbiratar

A cikin Peugeot galibi Solex za ku iske, wani lokaci Zenith. A Toyota kuwa Aisan ce. Duka aikinsu ɗaya. Akwai ƙaramin kwano da mai ke taruwa. Cikinsa akwai fulotar, wato abin da ke yawo bisa mai. In kwano ya cika, fulotar ya taso ya tura allura, allura ta rufe ƙofa. Daga kwano mai yana fita ta ƙananan kafofi na tagulla da ake ce ma jiklar.

Kafin a buɗe ta, a shimfiɗa tsabtataccen zane, a juya ma iska baya. A jera kowane abu yadda aka ciro shi.

Kowane jiklar yana da lamba a jikinsa. A Solex, lamba 120 tana nufin faɗin kafar milimet 1,2. Kun ga ƙanƙantarta. Wanda ya zura allurar ɗinki ko waya don ya fitar da datti, yana faɗaɗa ta ba tare da ido ya gani ba. Daga ranar mota ta zama mashayiya. Jiklar busa shi ake yi da pompon taya, a ɗaga shi wajen haske a duba. Ku rubuta lambobin naku cikin littafi, da wurin da kowane yake zama, domin in an musanya su mota ba ta komawa daidai.

Yanzu mu koma ga damun fura. In esansi ya yi yawa, hayaƙi yana baƙi, buji yana yin baƙi kamar gindin tukunya, ido yana yaji a bayan mota. Sau da yawa allura ce ta cinye, ko datti ya hana ta rufewa, ko fulotar ya huje. Ku girgiza fulotar kusa da kunne. In kun ji ruwa ciki, ya sha mai, ya nutse. Na tagulla ana tsoma shi cikin ruwan zafi, nesa da wuta, inda kumfa ta fito nan ne hujin. In ya bushe sarai sai a liƙe da dalma kaɗan, kada ya yi nauyi.

In kuwa esansi ya yi kaɗan, mota tana tari ta karbiratar, ba ta da ƙarfi, inji yana zafi, buji ya yi fari fat. Wannan ya fi na farko ɓarna. Akwai masu sa ƙaramin jiklar don su rage shan mai. Damu ya tsinke, wuta ta yi zafi fiye da kima, ta ƙone bawul. Abin da aka tsimi a wata shida, ya tafi rana ɗaya. Bujin lafiyayyar mota launin ƙasa ƙasa yake, kamar gyaɗar da aka soya daidai.

Litir 9000 na iska da muka faɗa, lokacin hunturu cike yake da ƙura. Filtir ɗin iska ne ke tare ta. In ya toshe, iska ta ragu, mota ta sha mai. In an cire shi, ƙura ta shiga ta ci inji kamar dutsen niƙa. Irin na da mai kwanon baƙin mai a gindi ya dace da ƙasarmu ƙwarai. A zubar da taɓon, a wanke, a zuba mai daidai layi. Wanda ke da shi kada ya yarda a musanya mashi.

Daidaita ralanti kuwa sai inji ya yi zafi. Kusa biyu ce: ɗaya ta gudu, ɗaya ta damu. Ta damu bakinta tsini ne. A murɗa ta ciki a hankali har ta taɓa, ba da ƙarfi ba, a komo da ita waje wajen zagaye 2. Daga nan a riƙa juyawa kaɗan kaɗan ana saurare, har inji ya yi numfashi sumul.

Ana iya ɗora karbiratar wata mota? Ana yi kullum. Sharaɗi na farko, girman injin ya yi kusa. Injin 404 na esansi wajen litir 1,6 ne. Karbiratar inji mai litir 2,4 ta yi mashi yawa. Na biyu, gindinta ya zauna daram. In kafofin kusa ba su dace ba, a yanka farantin ƙarfe mai kauri, a goge shi ya yi sumul, a sa takardar liƙi sama da ƙasa. Ko ƴar kafa ce ta rage, iska za ta sata ta shiga, damu ya tsinke. Don a gane, a ɗiga baƙin mai kewaye da gindin lokacin da inji ke ralanti. In muryarsa ta sauya, akwai kafa. Na uku, wayar totur ta buɗe duka, ta kuma komo da kanta in an ɗaga ƙafa. A gwada wannan sau 10 kafin a hau hanya. Totur da ya maƙale cikin kasuwa ba abin wasa ba ne.

Masu gazuwal

Bashe mai gazuwal ba ta da karbiratar. Tana da babban pompo mai fesa mai cikin inji. Shi ne abu mafi tsada cikin hanyar mai, kuma ba a buɗe shi gindin bishiya. Sai wurin masu injin gwaji, a manyan garuruwa. Aikin direba shi ne ya kare shi.

A yawancin motocin nan, gazuwal ɗin da ke ratsa pompo shi ne kuma ke shafe ƙarafansa. Ruwa yana kashe shi. Kananzir da ake gaurayawa don arha shi ma yana cinye shi, domin ba ya da maiƙo. A gindin filtir ɗin gazuwal akwai ƴar kusa ta zubar da ruwa. A sassauta ta kowane mako, a bari ruwa ya fita har gazuwal tsantsa ya biyo. Ƙaramin filtir ɗin esansi ba ya maye gurbin na gazuwal. In an yi kuskure an zuba esansi cikin tanki, kada a tada mota. A tsiyaye tukuna.

In gazuwal ya ƙare a hanya, iska ta shiga, ko an zuba sabo mota ba ta tashi. A sassauta kusar fitar da iska bisa filtir. A yi ta danna pompon hannu har kumfa ta ƙare, a ɗaure. In har yanzu ta ƙi, a sassauta bakin bututun ƙarfe biyu wajen anjektar, a murɗa kile har mai ya fito, a ɗaure. Kada a kai hannu kusa da feshin anjektar. Ƙarfinsa ya wuce bar 100, yana huda fata. In ya taɓa mutum, ko ciwon bai nuna ba, a kai shi likita ranar.

Yaran mota

Su ake sa wa tsotsar tiyo da baki. Esansi in ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana ƙona shi. Wani lokaci sai bayan awoyi tari da zazzaɓi ke tasowa. In yaro ya haɗiye shi, kada a sa shi amai, domin amai ne ke tura shi cikin huhu. A kai shi likita. Ana sayar da ɗan pompon roba da ake matsawa da hannu. Maigida, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba.

Kafin a taɓa hanyar mai, a cire kan batir na ƙasa. Da dare a yi aiki da cocila, ba fitilar ƙwai ko ashana ba. In wuta ta kama, a kashe kontak, a sauke mutane. Kada a watsa ruwa, esansi yana hawa bisa ruwa ya bazu. Rairayi ake zubawa, shi kuwa Allah ya hore mana. Kada a wangale kapo gaba ɗaya, iska tana ƙara ma wuta ƙarfi.

Wurin saye

Kayan motocin nan ana samun su a garejojin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, waɗansu kuma daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ake kawo su. Ku tafi da tsohon abin a hannu, ku gwada su gefe da gefe. Pompo biyu suna iya kama da juna, amma hannun ɗaya ya fi tsawo. In tsohon pompo ne za ku saya, ku toshe bakin shiga da yatsa, ku motsa hannunsa. Mai lafiya yana tsotsar yatsa, ya riƙe. Karbiratar kuwa, ku kama sandar da totur ke juyawa, ku girgiza ta sama da ƙasa. In tana kaɗawa cikin gurbinta, iska za ta riƙa shiga ta nan, kuma babu kusar da za ta daidaita ta. Ku aje ta, ku nemi wata.